Mandazi da Mahamri a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Mandazi abin karyawa ne na yau da kullum a gabashin Afirka, daga Mombasa da Zanzibar har Kampala. Kayan haɗinsa duk akwai su a kasuwanninmu, kuma hannun da ya iya fanke ba zai sha wahalar koyonsa ba. Ga tambayoyin da uwargida ta fi yi idan za ta gwada shi, da amsoshinsu.

Mene ne mandazi, kuma daga ina ya fito?

Kwaɓin fulawa ne mai ɗan zaƙi, wanda ake murzawa a yanka, yawanci mai kusurwa uku, sannan a soya a mai. Girkin mutanen Swahili ne, mazauna gaɓar tekun Indiya a Kenya da Tanzaniya, da tsibiran Lamu, Pemba da Zanzibar. Garuruwan nan tsofaffin tashoshin jiragen ruwa ne. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya ziyarci Mombasa da Kilwa a 1331, ya tarar da su garuruwan Musulmi masu masallatai da ciniki. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska na busowa daga arewa maso gabas, ta turo jiragen ruwa masu filafilai daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga Afrilu kuma ta juya ta mayar da su gida. Da wannan kai-komo ne kayan ƙamshi irin su kadamom ('ya'yan wani tsiro dangin citta) da kirfa suka shiga tukunyar mutanen gaɓar, suka tarar da kwakwa wadda ke nan birjik. A 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa Zanzibar, hulɗar ta ƙara ƙarfi.

Daga baya hanyoyin fatake, da layin dogon da aka shimfiɗa daga Mombasa zuwa Kisumu tsakanin 1896 da 1901, suka ɗauki harshen Swahili da girkinsu zuwa cikin ƙasa. Yau ana cin mandazi a Uganda, Ruwanda, Burundi, gabashin Kwango da Malawi, kowa da yadda yake yin nasa.

To ai fanke ne da wani suna, ko ba haka ba?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin wadda ta shiga kicin da niyyar yin fanke mai kusurwa uku ba za ta samu mandazi ba. Kwaɓin fanke ruwa-ruwa ne, da hannu ake ɗiba ana jefawa a mai. Kwaɓin mandazi kuwa na burodi ne: ana cuɗa shi har ya yi danƙo, a bar shi ya tashi, a murza shi a kan faranti ko tebur, a yanka da wuƙa. Fanke cikinsa a cike yake, yana riƙe mai, kuma zaƙinsa na fitowa sosai. Mandazi mai kyau ba ya barin maiƙo a yatsa sai kaɗan, zaƙinsa a ɓoye yake, ƙamshin kwakwa da kadamom ne ke gaba.

Dalilin ƙarancin sukarin shi ne ba a yi shi don a ci shi kaɗai ba. Abokin shayi ne, abokin wake ne, har miya ana dangwala da shi. Ni dai shawarata, karon farko ki yi shi yadda masu shi ke yi, kada ki ƙara sukari ko cokali ɗaya. Idan kin ji ainihin ɗanɗanonsa, daga nan sai ki san abin da za ki sauya.

Mene ne bambanci tsakanin mandazi da mahamri?

Mahamri shi ne mandazin bakin teku, na Mombasa da Lamu da Malindi. Da yis ake tayar da shi, da madarar kwakwa ake kwaɓa shi, kuma dole da kadamom. Ana murza shi da ɗan siranta, idan ya shiga mai sai ya kumbura, cikinsa ya zama rami. Mandazin cikin ƙasa, irin na Nairobi da Kampala, galibi da bekin foda ake yi, da madarar shanu ko ruwa, wani lokaci da ƙwai, cikinsa kuma ya fi cika. A Tanzaniya sau da yawa duka biyun mandazi ake ce musu. Yawancin bayanin da ke ƙasa na mahamri ne, domin shi ne tushe, kuma shi ya fi buƙatar kulawa.

Me zan tanada?

Don abin da zai ishi gida mai mutum 6 zuwa 8:

Fulawa rabin kilo, wato kofi 4, ko kimanin gwangwanin madara 6 a shafe. Sukari giram 100, kimanin rabin kofi. Yis na gari ƙaramin cokali 2. Kadamom dakakke ƙaramin cokali 1. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Man gyaɗa ko narkakken bota babban cokali 1. Madarar kwakwa mai ɗumi kofi 1 da kwata, wato kusan mililita 300. Sai man suya, kamar lita 1.

Kada ki juye madarar gaba ɗaya. Fulawa ba ta shan ruwa iri ɗaya, wadda ta kwana a busasshen ɗaki lokacin hunturu ta fi ta damina ƙishi. Ki zuba kashi uku cikin huɗu tukuna, sauran ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Yaya ake fitar da madarar kwakwa? Ruwan da ke cikinta ne?

Ba shi ba ne. Ruwan cikin kwakwa na sha ne, madarar kuwa daga farin naman ake tatso ta. Ki zaɓi kwakwa ƙosasshiya, mai nauyi a hannu, wadda in kin girgiza za ki ji motsin ruwa. In kin fasa kin ji warin tsami ko kin ga naman ya yi yauƙi, ki yar da ita, domin za ta ɓata miki kwaɓin duka.

A gidajen Swahili akwai wata 'yar kujerar katako mai naɗewa, da ƙarfe mai haƙora a bakinta, suna kiranta mbuzi. Mace kan zauna a kai, ta riƙe rabin kwakwa da hannu biyu, ta riƙa goga cikinta a kan haƙoran, naman na zubowa fari tas a cikin kwanon da ke ƙasa. Sai a zuba shi cikin wani dogon mataci na saƙar kaba, a ɗan sa ruwa, a murɗa da ƙarfi. Tatsar farko mai kauri ce, a ajiye ta daban. A ƙara ruwa a sake murɗawa, ta biyu ta fito da ruwa-ruwa. Sukan dafa abinci da ta biyun, su zuba ta farkon a ƙarshe.

Ke a naki kicin, ki ɓamɓaro naman, ki yanka ƙanana, ki zuba a bilanda da ruwan ɗumi kofi 1, ki niƙa sosai. In babu wuta ki goga a magogi ta ɓangaren ƙananan huda. Ki juye a tsaftataccen ƙyalle mai shara-shara irin na tatar koko, ki matse iya ƙarfinki. Babbar kwakwa ɗaya ta isa rabin kilon fulawa. In madarar ba ta kai awo ba, ki ƙara ruwan ɗumi a dusar ki sake matsewa. Ruwan ɗumi ake so domin shi ke narkar da man kwakwar ya biyo madara. Da ruwan sanyi man zai daskare ya maƙale a dusa da jikin bilanda. Dusar ma ba ta zubarwa ba ce, ki soya ta da sukari ta zama kwakumeti na yara.

Ta gwangwani ko ta gari za ta yi?

Za ta yi. Ta gwangwani ki girgiza ta sosai kafin ki buɗe, in ta yi kauri da yawa ki sirka da ruwan ɗumi kaɗan. Ta gari ki dama yadda aka rubuta a jikin ledar. Amma ƙamshin wadda aka tatsa da safiyar nan daban yake, kuma a wajenmu kwakwa ta fi gwangwanin araha.

Ban san kadamom ba. Ina zan samu, kuma in babu fa?

'Ya'yan wani tsiro ne dangin citta, koren kwanso ƙarami mai baƙaƙen ƙwayoyi a ciki. Wasu na kiransa habbahan, kamar yadda ake ce masa a Sudan da Masar, kuma duk wanda ya sha gahawar Larabawa a Makka ko Madina ya san ƙamshinsa. Asalinsa kudancin Indiya ne, ana kuma noma shi a tsaunukan Usambara na Tanzaniya. Ki tambayi masu sayar da kayan shayi da kayan ƙamshi, ko shagunan da ke kawo kayan Saudiyya da Dubai.

Ki sayi mai kwanso ba garinsa ba, don garin da ya daɗe a leda ƙamshinsa ya riga ya tafi. Ki fasa kwanso 10 zuwa 12, ki fitar da ƙwayoyin, ki daka su da ɗan sukari a ƙaramin turmi. Sukarin ne ke taimakawa su daku da laushi. In kin rasa, ki sa kirfa rabin ƙaramin cokali ko ki goga bayan lemon tsami. Zai yi daɗi, amma wanda ya san mahamri zai gane akwai abin da babu. Kanumfari kuma, duk da Zanzibar da Pemba sun shahara da shi, ba na nan ba ne, ƙarfinsa na danne kwakwar.

Yaya ake kwaɓin?

Ki tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, ki zuba sukari, yis, kadamom da gishiri, ki gauraya. Ki zuba man, ki murza shi cikin garin da tafin hannu. Sannan madarar kwakwa. Ɗuminta ya zama wanda za ki iya barin yatsa a ciki ba tare da jin zafi ba, domin zafin da ya kai digiri 60 na kashe yis. In kina shakkar yis ɗinki, ki jiƙa shi a ɗan madarar da sukari kaɗan, ki jira minti 10. In bai yi kumfa ba ya mutu, ki nemo wani tun ba ki yi asarar fulawa ba.

Idan ya haɗe, ki juye a kan tebur ki fara cuɗawa: ki tura da gindin tafin hannu, ki naɗo, ki juya, ki sake turawa. Minti 10 zuwa 15 ake yi, kuma a nan ne yawanci ake gajiya a bari. Da farko zai riƙa kama hannu, ki daure kada ki yi ta barbaɗa gari. Can za ki ji ya saki hannunki da kansa, ya yi sumul. Laushin da ake nema kamar na ganyen kunne ne in kin matsa shi da yatsu biyu. Cuɗawar nan ce ke tayar da danƙon alkama, danƙon kuma shi ke riƙe iska. Kwaɓin da bai cuɗu ba zai tsage a mai maimakon ya kumbura.

Ki shafa masa mai, ki mayar a roba, ki rufe da leda ko murfi.

Awa nawa zai yi kafin ya tashi?

Ki duba kwaɓin, kada ki dogara da agogo kaɗai. Ana so ya ninka girmansa, in kin danna da yatsa gurbin ya dawo a hankali. Ƙa'idojin girkin da ake rubutawa a Mombasa da Dar es Salaam na wurin da zafi da laima ba sa yankewa ne duk shekara. Mu kuwa yanayinmu na juyawa. Da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, minti 40 na iya isa. Da sanyin Disamba a Jos ko Zariya sai ya kai awa 2, kuma busasshiyar iskar hunturu na sa samansa ya yi ɓawo, ɓawon da zai zama gudaji in kin zo murzawa. Saboda haka a hunturu ki rufe da leda ruf, ba da ƙyalle ba, ki ajiye a rana ko kusa da murhu.

In ya wuce lokaci zai yi warin tsami, ya yi sanyin jiki, ya sha mai. Sukarin ma yis ya cinye wani ɓangarensa, sai ya fito fari ba launi.

Zan iya kwaɓawa da dare in soya da safe?

Sosai ma, haka ya fi sauƙi ga mai shirya yara makaranta. In akwai firji mai sanyi, ki rufe kwaɓin ki sa a ciki da zarar kin gama cuɗawa, da safe ki fito da shi ya sha iska rabin awa kafin ki murza. Ɗanɗanonsa ma ya fi fitowa. In babu firji, a lokacin sanyi kaɗai za ki yi haka, ki rage yis zuwa rabin ƙaramin cokali. Da zafi kada ki gwada, madarar kwakwa ba ta jure kwana a waje.

Yaya ake samun siffar nan mai kusurwa uku?

Ki danne kwaɓin iskar ta fita, ki raba shi gida 6, ki mulmula kowanne. Ki rufe su su huta minti 10 don su yarda da murzawa. Ki barbaɗa gari kaɗan, ki murza kowane curi ya zama da'ira mai faɗin ƙaramin faranti, kaurinsa kamar rabin santimita. In babu katakon murzawa, kwalba mai santsi ta isa. Sai ki yanka shi gida 4 da wuƙa mai kaifi, a tsaye da a kwance. Curi 6 zai ba ki guda 24.

Abu biyu za ki kiyaye. Kaurin ya zama ɗaya daga tsakiya har baki, kuma yankan ya zama sara ɗaya, ba ja da baya-baya ba. Ki jera su a tire mai ɗan gari, kada su hau juna, ki rufe su ƙara hutawa minti 15 zuwa 20. Za ki ga sun ɗan kumbura. Wannan hutun na biyu ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ke bambanta mahamri mai sauƙi da mai nauyi.

Yaya zan gane mai ya yi zafin da ya dace?

Ana son digiri 175 zuwa 180. Ba sai da ma'auni ba: ki jefa ɗan guntun kwaɓi. In ya zauna a ƙasa shiru, man bai yi ba. In ya yi duhu nan take ko man na hayaƙi, ya wuce, ki rage wuta ki jira. In ya nutse ya taso cikin daƙiƙa 2 ko 3 da kumfa kewaye da shi, to bismillah. Zurfin man ya kai aƙalla tsawon ɗan yatsa, domin sai mahamri ya yi iyo yake kumbura. Kasko mai zurfi ko tukunya mai kaurin gindi ta fi, don tana riƙe zafi. A kan gawayi, ki bari harshen wutar ya kwanta ya zama garwashi.

Ki kakkaɓe garin jikinsa, ki zura shi ta gefen kaskon. Zai nutse, ƙananan kumfa su lulluɓe shi, sai ya taso. A daidai wannan lokacin ki riƙa ɗebo mai da cokali kina watsa masa a baya. Za ki ga fatar saman ta ɗaga daga kusurwa ɗaya, kumburin ya bi ta tsakiya har ya cika sauran kusurwoyin biyu. Da ya cika ki juya shi, kada ki jira ƙasan ya gama yin ja, domin in ya kumbura sosai gefe ɗaya ya yi nauyi sai ya ƙi juyuwa, kina kifa shi yana dawowa. Kowane gefe minti 1 zuwa 1 da rabi. Launin da ake so ruwan zuma ne mai haske. Ki tsame a matsami, ki jingina su a tsaye man ya tsiyaye.

Guda 3 ko 4 a lokaci ɗaya ya isa. In kin cika kasko zafin man zai faɗi.

Ki nisantar da yara daga murhu, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga mai. In mai ya kama wuta, ki kashe murhun ki rufe kaskon da murfin ƙarfe. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi.

Me ya sa nawa bai yi rami a ciki ba?

Ramin aikin tururi ne. Zafin mai na rufe fatar waje nan da nan, ruwan da ke cikin kwaɓin ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, sai ya raba sama da ƙasa. Duk abin da ya hana wannan zai hana rami. In man bai yi zafi ba, fatar ba za ta rufu da wuri ba. In kin murza da kauri, zai fito kamar burodi. In kin murza ya yi siriri ƙwarai, zai bushe kamar cincin. In farce ko bakin cokali ya huda shi, tururin zai tsere ta nan. In kwaɓin ya yi tauri, babu isasshen ruwan da zai zama tururin. Sai kuma rashin watsa masa mai a baya lokacin da ya taso. Ko a hannun gwanaye ba kowane ɗaya ke kumbura daidai ba, in mafi yawa sun yi, kwaɓinki ya yi.

Ya sha mai, ko ya yi tauri, ko cikinsa ɗanye. Ina matsalar?

Shan mai: wuta ta yi ƙasa, ko kwaɓin ya wuce tashi, ko kin cika kasko. Tauri: gari ya yi yawa, cuɗawa ta yi kaɗan, ko ya daɗe a mai. Waje ya ƙone ciki ɗanye: wuta ta yi yawa, ko sukari ya yi yawa, don sukari na saurin ƙonewa. Baƙaƙen ɗigo a jiki kuma garin barbaɗe ne da ya zube a mai ya ƙone.

Ba ni da lokacin jiran yis. Yaya ake na bekin foda?

Fulawa rabin kilo, bekin foda babban cokali 1, sukari giram 100, gishiri kaɗan, bota babban cokali 2, ƙwai 1, madara kimanin kofi 1, da kadamom ko gogaggen bayan lemon tsami. Ki murza botar cikin gari, ki zuba ƙwai da madara, ki haɗa. Wannan ba ya son doguwar cuɗawa, minti 3 zuwa 5 ya isa. Ya huta rabin awa a rufe. Ki murza shi ya fi na yis kauri kaɗan, ki yanka murabba'i ko yadda kike so, ki soya a wuta matsakaiciya don cikin ya nuna. Kada ki wuce awon bekin foda, ɗaci yake kawowa. A Kenya akwai wani nau'insa mai tauri da garas-garas da ake kira kangumu, wanda ake yi da kwaɓi mai ƙarfi a soya a hankali.

Da me ake ci?

Da shayi mai madara, wanda aka dafa ganyen da madarar tare da citta da kadamom. Amma karin kumallon da Mombasa ta yi suna da shi shi ne mahamri da mbaazi, wani wake mai zagaye da ake dafawa cikin madarar kwakwa. Shi ne waken da Ibo ke kira fiyofiyo. Mai sayarwa kan ɓula kusurwar mahamrin da yatsa, ta cika ramin da cokalin wake, ta ɗiga madarar kwakwa mai kauri a kai, ta miƙo. Amfanin ramin ke nan.

In ba ki samu wannan waken ba, farin wakenmu zai tsaya a madadinsa. Ki dafa kofi 2 ya yi laushi amma kada ya fashe, ki tsiyaye. Ki zuba albasa yankakkiya, tafarnuwa, attaruhu ɗaya, kurkur kaɗan, gishiri da madarar kwakwa ta tatsa ta biyu, ya dahu minti 15. A ƙarshe ki zuba mai kaurin, ki rage wuta, ki riƙa juyawa a hankali don kada ta tsinke. Ba manja, ba tumatir. Wanda ya saba da wake da burodi zai karɓe shi hannu biyu. Yana kuma tafiya da farfesun kaza ko miyar nama mai romo.

Kwana nawa yake yi, kuma yaya zan adana?

Ranar da aka soya ya fi daɗi. In ya huce sarai, ki sa a roba mai murfi ko leda, zai kai kwana 2. Kada ki rufe shi da zafinsa, gumi zai jiƙa shi ya yi saurin lalacewa. A firiza yana kai wata ɗaya. Wajen ɗumamawa ki ɗora a busasshen kasko a wuta kaɗan ki rufe, ko ki turara shi minti 2.

Za a iya gasawa maimakon soyawa? Mai ciwon sukari fa?

Za a iya gasawa a oven mai zafin digiri 190 na kimanin kwata awa, a shafa masa madara kafin ya shiga, a shafa bota in ya fito. Zai zama ɗan burodin kwakwa mai daɗi, amma ba zai yi rami da fatar nan ta suya ba. Game da ciwon sukari, rage sukarin kwaɓin ba ya kawar da matsalar, domin farar fulawa ita kanta sukari take komawa a jini. Mai wannan lalura ya bi abin da likitansa ya tsara masa. In an yarda ya ci, ɗaya da wake ya fi uku da shayi mai zaƙi.

Akwai wasu kayan suyan Swahili da zan gwada bayan wannan?

Akwai biyu da za su zo miki da sauƙi. Na farko kaimati, wanda ake yawan yi da azumi don buɗa-baki. Shi ne ɗan'uwan fanke na gaskiya: kwaɓi mai ruwa-ruwa na fulawa da yis, ba a sa masa sukari sosai, a jefa ƙanana a mai a wuta matsakaiciya, a yi ta juyawa har su yi garas. Sai a tsoma su a ruwan sukarin da aka dafa: sukari kofi 1, ruwa rabin kofi, kadamom, da ɗigon lemon tsami, a dafa har ya fara kama yatsa. Danginsa ne lugaimat na ƙasashen Larabawa, wanda Hausawan Sudan da alhazai suka sani.

Na biyu vitumbua, wanda in kin gan shi za ki ce masa ce. Shinkafa ake jiƙawa ta kwana, a niƙa da madarar kwakwa, a sa yis, sukari da kadamom, a bari ta tashi, a soya a kasko mai gurabu. Tandarki ta waina za ta yi aikin ba tare da kin sayi komai ba. Bambancinsa da masa shi ne kwakwar da kadamom, kuma ba a barin ƙullun ya yi tsami, da shayi ake cinsa ba da miyar taushe ba.

Man da ya rage zan iya sake amfani da shi?

E, in bai yi hayaƙi ba lokacin suya. Ki bari ya huce, ki tace da ƙyalle ko rariya mai laushi don fitar da ƙonannen gari, ki zuba a kwalba mai murfi ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Sau 2 ko 3 ya isa. In ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa ko warinsa ya sauya, ki rabu da shi. Kuma man da aka soya kifi ko nama da shi kada ya kusanci mahamri, domin kwaɓin na ɗaukar ƙarni nan da nan.